Fuskokin da Nura ya bari a Wunti

Nura ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin shirya yara makaranta ƙanwarsa ta kira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Za a yi jana'iza bayan La'asar a ƙofar gidansu da ke Ƙofar Dumi. Fargabata ɗaya ce, kada liman ya waiwaya ya ga sahun bai kai ko'ina ba.

Kun san shi, ko da wasunku sun fi so su ce ba su sani ba. Nura mai fenti. Wanda yara ke bi suna kiran ɗan daudu, manya kuma su jira sai ya wuce su faɗa. Da yawanku shi ya rubuta muku allon shago.

A jami'a muka haɗu, ina karanta Turanci, shi yana karanta zane. Ranar farko ya dubi ɗaurin ɗankwalina ya ce, "Ƙawata, wa ya yi miki wannan muguntar?" A tsaye ya gyara mini, a bakin ɗakin lacca.

Tun daga ranar ban ƙara zuwa biki ba sai na biya ta wurinsa.

Da na yi haihuwar fari ya kawo mini masa da miyar taushe har asibiti, amma bai shigo ba. Ya miƙa wa wata nas ya juya. Ya san dangin mijina na ciki, ba ya so a yi ta yi mini tambayoyi ina kan gadon jego.

Ga abin da mutane ba su sani ba. Fuskokin nan da ke kan allunan shagunan aski a Wunti, ba daga kalanda ya kwafo su ba. Mutanensa ne, irinsa, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ba ya zana mai rai, ya ce ba zai jawo wa kowa fitina da burushinsa ba.

Akwai Ɗanlami, mai tuwo a tasha, wanda 'yan unguwa suka watso wa kaya waje ya ƙare rayuwarsa a ɗakin aro. Nura ya zana shi da askin zamani, yana murmushi, har wushiryarsa. Wata rana muna tsaye a wurin wani saurayi ya nuna allon ya ce wa mai aski, "Irin na wannan gayen za ka yi mini." Nura ya yi dariya har ya dafa bango. "Kin ji ko? Da ransa ba sa ba shi hannu, yanzu kansa suke so."

Kowace fuska da labarinta, kuma yana haɗa fenti yana ba ka. Ya yi muryar mai gidan haya, ya yi ta mai unguwa, ya yi tafiyar mamacin da yadda yake murguɗa baki. Kana cikin dariya sai ka ankara ka haddace sunan mutumin da gari ya so a manta.

Na taɓa ce masa wannan ai gwagwarmaya ce. Ya ce, "Sa mata sunan da kika ga dama, Hajiya. Riƙe mini gwangwanin nan."

Yanzu masu shago sun koma buga hoto a inji, samarin ƙasashen waje masu gemu. Ana ta sauke allunansa. Ba zan faɗi inda sauran suke ba, kada wani mai kishin addini na rana ɗaya ya je da baƙin fenti.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne, a shagonsa. Ya rame, amma bakin na nan. Ya ce rigata ta yi kama da labulen ofis. Can sai ya ɗauko zancen jana'izar Ɗanlami, yadda mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwonsa suka tsaya daga bakin shagunansu suna kallon makara tana wucewa.

Na ce, "To kai wa zai zana ka?"

Ya ce, "Ni ba na so. A dai cika mini sahu, saboda Inna. Za ta tambaya wa da wa suka zo."

Ni mace ce, ba zan tsaya a sahun ba. Ina cikin gida kusa da mahaifiyarsa, kuma na san za ta tambaya. Ina so in samu sunayen da zan faɗa mata.

Masu wa'azi a ƙarƙashin rubutun mutane a shafukan sada zumunta, ku huta yau. Hisabi ba a hannunmu yake ba, kuma Nura da kalmar shahada ya cika.

Allah Ya gafarta maka, Nura, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓe ka da rahamar da muka yi maka rowarta. Allah Ya ba Inna haƙuri.

Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Mazan da ke cikin gari kuwa, ku yi alwala ku je.