Muryar Inna a Ƙarƙashin Shago

Da ana mayar da jiya, da ban ajiye kaset-kaset ɗin Inna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba. Inna mahaifiyata ce. Ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa ɗaukar muryarta a kaset tana aiko min London har Allah ya karɓi ranta. Da muka koma ƙaramin flat a unguwar Abbey Wood, na zuba su a kwali na kai ɗakin ƙarƙashin shagon abokina Alhaji Sale a Old Kent Road. 'Yata Hafsat ta sha roƙona in ba ta su ta juye a waya, kullum in ce gobe. Ko da aka sanar cewa ragowar wata guguwar teku na tafe da ruwa mai yawa, dariya na yi. Ni da na tashi a bakin Binuwai, ruwan London yayyafi nake ce masa.

Abbey Wood

Kwana aka yi ana sheƙa ruwa. Ina idar da sallar asuba Sale ya kira: "Alhaji, taho, ruwa na shiga ɗakin ƙasa." Shida saura na fita. A tasha aka ce an yi cancel ɗin jirgin ƙasa, sai na hau bas.

Woolwich

Bas ta ja ta tsaya, ruwa ya cika ƙarƙashin wata gada. Direba ya ce kowa ya sauka. Na naɗe wando na shiga. Wata nas 'yar Jos ta ji ina salati, ta tallafe ni.

"Baba, ina zuwa a wannan ruwan? Ko amarya aka yi?"

"Uwata zan ɗauko."

"Allah sarki, ka gaishe ta."

Na ce za ta ji.

Old Kent Road

Sai da na sake bas biyu, ban isa ba sai hantsi. Na tarar da Sale a kan matakala, jarkokin manjansa na yawo a kan ruwa. Shi da ya yi asarar kaya, shi ke ba ni haƙuri. Na shiga ruwan har ƙugu na lalubo kwalin, ya narke a hannuna. Ɗaya bayan ɗaya na tsamo kaset-kaset ɗin, duk laka. Ya miƙo min shayi, ban iya sha ba.

Gida

Bayan la'asar na isa gida. Hafsat ta karɓi kaset-kaset ɗin, ta jera su a kan tawul. Mai gyaran da ta kai wa daga baya ya ce zaren ya manne, ba abin da zai fita.

Ran nan ta zauna kusa da ni. "To Baba, kai ka yi min yadda take farawa."

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana. "Kai wannan, kana cin abinci kuwa?" Haka take farawa. Na faɗa wa Hafsat kalmomin daidai, amma muryar na neme ta a kunnena na rasa.

Na gode wa Sale, da 'yar Jos ɗin da ko sunanta ban tambaya ba. Ku da kuke karantawa, don Allah kada ku raina ruwan garin da ba naku ba. In akwai muryar wani naku a kwali, ku ɗauko ta yau.