Sarkin da Aka Zana Baki a Rufe

Jiya aka turo mini hoton tunawa da rasuwar kawuna. An goge masa tamoji, an liƙa shi yana murmushi kusa da gwamnan da ya raba shi da aikin jarida.

Sai na tuna wata Lahadi da ya ajiye tasinsa, muka shiga gidan zane-zane a Washington, yana ta ƙamshin man zafi. Ya tsaya gaban zanen wani sarkin Turawan da, mai rigar karammiski da hular gashi.

"Ɗana, ka ga bakinsa a rufe? Haƙoran ne suka ruɓe. Mai zanen kuwa a gidan sarkin yake cin tuwo."

Kawu bai taɓa cin tuwon su gwamna ba, amma ga shi sun zana shi. Allah ya jiƙansa. Su kuwa, Allah ya isa.