Harbin Murnar da Ya Kai Ni Gidan Yari

A da ni bakaniken babur ne a unguwar Liman Abaji a Keffi, ba ruwana da rigimar kowa. Matsalata ɗaya: ina son a tafa mini.

Kawuna mafarauci ne a Agwada. Ranar da ya fara ba ni bindigarsa na harba a gona, ƙarar ta ratsa ni har tafin ƙafa, na yi ta tsalle ina dariya. Ya karɓe abarsa ya ce, "Kai yaro, wannan ba abar wasa ba ce." Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, na naɗe bindigar a buhu, na ɗaure a bayan babur. Satata ta farko ke nan.

Daga nan ba bikin da za a yi ba a nemo ni ba. In ɗaga bakinta sama in danna, mata su rangaɗa guɗa, samari su ɗauke ni a kafaɗa. Wallahi ji nake kamar duk garin Keffi nawa ne! Da harsashi ya ƙare, sai na koma ɗauke kayan gyaran maigidana ina sayarwa ina sayen wani.

Ranar ɗaurin auren abokina Sani a Angwan Iya, layi ya cika maƙil, ga kiɗa, ga babura suna wasa. Sani ya ɗago mini hannu: "Mutumina, saki ɗaya su ji!" Ina dannawa wani ya bangaje ni, bakin bindigar ya sauko. Wata Bafulatana mai tallan nono tana wucewa. Ƙwaryarta ta tarwatse, ta faɗi riƙe da kafaɗa, nono da jini suka gauraya a ƙasa.

A kotu aka karanto mini laifuffukana: riƙe bindiga ba lasisi, harbi cikin jama'a, raunata mutum, da sata. Na ce, "Ranka ya daɗe, murna ce kawai."

Alƙali ya ce, "Ita matar, an gayyace ta murnar?"

Na yi shekaru a gidan yari. Ina ciki kawu ya rasu, ban nemi gafararsa ba.

Ranar da aka sake ni, na fito ina kuka ina dariya, ina gaida duk wanda na gani. Washegari na nemi rugar matar, na durƙusa na ce, "Inna, ni ne. Ki yafe mini."

Ta kalle ni ta ce, "Na yafe. Tashi ka ɗora mini ƙwaryar nan a ka, hannun ba ya ɗaguwa."

Ƙannena, na tuba, amma tubana bai gyara mata hannu ba. Ku yi rawa a biki, ku yi ihu har muryarku ta dushe. Amma duk wanda ya miƙo muku bindiga ya ce ku harba a ji, ku mayar da hannuwanku aljihu, ku bar wurin.