Turaren Wuta a Unguwar Zaki

Upper Marlboro

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya daga gidanmu da ke nan Amurka, gari bai gama wayewa ba. Ni na shirya tafiyar nan, kuma ba don dabbobi na shirya ta ba. Tun ina budurwa a Kano nake karanta yadda miji ke duban matarsa a farin wata ya ce mata ita ce sanyin idaniyarsa. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da Injiniya Sabo, wanda in yabo ya ciyo shi sai ya ce, "Miyar nan ba laifi." Da na ji labarin wani gandun namun daji a tsaunukan Virginia, inda ake kwana a tanti kusa da zakuna kuma waya ba ta samun sabis, na ce to, can bakinsa zai buɗe. Magana ɗaya mai daɗi nake nema, ba gida ba, ba mota ba.

Ya ɗaga akwatina ya yi nishi. "Maman Hanif, kwana ɗaya za mu yi ko hijira?"

Na ce, "Ka dai ɗauka, Abban Hanif, lada ake rubuta maka."

Takoma Park

Nan muka ajiye yara wurin Anti Ladi, 'yar Jos, wadda muke aikin jinya tare. Ta leƙo ta taga da hular barci a kanta.

"Ikon Allah! Kun baro Yankari a gida, sai a Amurka za ku je a nuna muku biri?"

Na ce, "Anti, amarci za mu sabunta."

Ta dubi Injiniya yana duba iskar taya, ta ce, "Da wannan? Allah ya ba da sa'a."

Sterling zuwa gandu

A Sterling muka ratsa ta gaban manyan gine-ginen nan marasa taga inda yake aikin kula da na'urori. Ya yi musu wani lallausan murmushi da ni ban taɓa samu ba tun ranar ɗaurin aure. Daga nan sai gonaki da tsaunuka. Na jingina kaina a kafaɗarsa, ya ce ina tare masa madubi.

Bayan azahar muka isa. Mai kula da baƙi wani dattijon Bature ne mai suna Bob, wanda nan take Injiniya ya naɗa shi Malam Bob. Ya karanto dokoki: ba a ajiye abinci a tanti, ba a leƙa shinge, ba a hura wuta. Na gyaɗa kai, don ni ba girki na zo yi ba.

Da la'asar aka zuba mu a buɗaɗɗiyar mota. 'Yan uwa, raƙumin dawa kyakkyawa ne! Wata daga cikinsu ta sunkuyo da gashin ido zara-zara kamar an rambaɗa mata kwalli. Na ce, "Abban Hanif, idon nan bai tuna maka da kowa ba?"

Ya ce, "Wuyan nan kaɗai zai yi wa unguwa guda farfesu."

Ya kuma tambayi Malam Bob ko suna sayar da barewa lokacin layya. Wata jimina ta kai wa ɗan kunnena cafka, na kurma ihu. Gwarzon da ya kamata ya tare mini ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Dare

Tantinmu har da gado da fitila, zakuna kuma na bayan shinge, can ƙasan tudu. Bayan isha'i namijin ya yi gurnani, na ji shi har cikin hanjina. Wata ya fito fes. Injiniya ya tafi banɗaki da buroshinsa, ni kuma na buɗe akwati: kasko, gawayi, da turaren wutar da yayata ta aiko mini daga Maiduguri. Wace matar kirki ce za ta tarbi mijinta a ɗaki mai warin roba? Na zuba turare, na tsaya a kan kaskon da doguwar rigata, hayaƙi na ratsa ni.

Ashe har a tanti Bature sai da ya maƙala ƙararrawar hayaƙi.

Ta tsala ƙara. Zakuna suka amsa, jakunan dawa suka ɗauka, Turawa suka firfito da kayan barci, wata tana kiran Yesu. Sai ga Malam Bob a guje da jar tukunyar kashe gobara, Injiniya na biye da shi da kumfa a baki. Malam Bob ya ga garwashi, fuskarsa ta yi jajir. Ya ce mun karya doka, mu tattara mu bar gandun a daren nan.

Injiniya ya tare ƙofa, ya goge baki, ya shiga zuba Turanci.

"Malam Bob, wannan ba gobara ba ce, matata ce. A garinmu haka mace ke karrama mijinta. Ni da kake gani, in na tashi aiki ina yanka cunkoson motocin nan ne don in je in tarar da ƙamshin nan. Duk inda babu shi, ba gida ba ne a wurina. In za ka kore ta, ka haɗa da ni, don ba na iya barci inda ba ta."

Ni kuwa ina bayansa ina haddace kowace kalma.

Malam Bob ya ja hanci, ya sake ja. Ya ce kaskon zai kwana a ofishinsa, mu kuma mu kwana a nan. Ya ɗauke shi nesa da jiki kamar ya riƙo bam.

Da aka watse na ce, "Abban Hanif, me ka ce wa Malam Bob?"

"Cewa na yi kada ya kore mu."

"A'a, ɗaya maganar. Maimaita mini da Hausa."

"Ba ta da Hausa. Ke, ki kwanta."

Zaki ya sake gurnani. Ya lalubo hannuna ya riƙe gam har asuba. So ne ko tsoro, ban bincika ba.

Gida

Ranar Lahadi da yamma muka kwashi yara muka iso Upper Marlboro lafiya, kaskona a cinyata. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Anti Ladi da riƙon yara. Godiya ta musamman kuma ga Malam Bob, wanda ya tsaya da tukunyar kashe gobara a hannu ya karɓi kalaman soyayyar da na yi shekaru ina jira.