Ƙullin fatar Ba Kiari

Ban gama shayin safe ba waya ta shigo daga Gure. Ya Falmata ce, matar Ba Kiari. Ta ce, "Hadiza, babanki ya tafi bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina Bune wajen aiki, zaune cikin motar da ya yi shekaru yana tuƙawa. Na rasa inda zan sa kaina, shi ne na ce bari in rubuta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ba Kiari direbanmu ne, mu masu bin makiyaya daji muna yi wa yara allurar rigakafi. Motarmu irin ta Turawa masu yawo ce, da gado da wurin girki a ciki. Mutanen Gure na ce mata motar ɗaki. Ƙarƙashin gadon akwai batura biyu manya, daban da na inji, su ke riƙe firigon allura. In suka mutu allura ta yi zafi, ta lalace, tafiya ta tashi a banza.

Da aka turo ni daga Tawa ban san kowa ba. Shi ya koya mini gaisuwar Kanuri, shi ke ajiye mini dabinon garkarsa a kan kujera ba tare da ya ce komai ba.

Faɗa kuwa mun sha shi, don ni ba na haɗiye magana. Duk rijiyar da muka sauka sai makiyaya su jero wayoyinsu, shi kuma ya bi ya sa musu caji. In na ce wutar ta allura ce, sai ya ce, "Ɗiyata, mutum ya miƙo miki ɗansa ki tsira masa allura, ke ki hana shi wuta?" Daga baya na gane sai rana ta take, faifan sola na cika batir, sannan yake sawa.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri.

A jikin wayoyin baturan nan akwai ƙananan fatu da ya ɗaɗɗaure, wata ƙulli ɗaya, wata biyu. Ni tun ranar farko na yanke hukunci a raina cewa layu ne. Ban taɓa tambayarsa ba, kunya nake ji. Da hawan jini ya shanye masa hannun dama da ƙafa ya bar aiki, sai na ɗauki almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanke, ina jin na yi aikin lada.

Wata biyu da suka wuce baturan suka tsufa suka daina riƙe wuta. Aka kawo sababbi daga Damagaram, mai haɗawa kuma ya ce sai mako na sama. Mu kuwa an aiko daga Alakoss cewa mutane sun taru a wata rijiya da yaransu, jibi za su tashi, ga ƙyanda ta ɓulla a yankin. Sabon direbanmu, don ya rage aiki, ya riga ya cire tsofaffin. Na ɗaga gado na tarar da wayoyi shida a zube, duk baƙaƙe, babu mai ce maka ga inda ta fito. Direban ya ce shi ba zai taɓa ba, in aka juya su firigo zai ƙone.

Na sa aka kai motar ƙofar gidan Ba Kiari. Aka shimfiɗa masa tabarma daidai bakin motar.

Ya ce, "Abu mai sauƙi. Mai ƙulli biyu ta wuta ce, mai ƙulli ɗaya ta mas, mai kama jikin mota."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ɗiyata, lafiya?"

Na ce, "Baba, na yanke su. Na zaci layu ne."

Wallahi na shirya shan faɗa. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, Ya Falmata ta fito da gudu da kwanon ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Shekara nawa kina yi mini kallon boka ban sani ba? Wayoyin asali sun daɗe da cinyewa, a kasuwa baƙa kaɗai nake samu. Ni kuma ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba, da me zan rubuta?"

Na ce ko a ɗauke shi a shigar da shi ya duba. Ya ce a'a. "Hannuna ya tafi, naki na nan. Cire zobe da awarwaro."

Ya sa aka rufe faifan sola da bargo, na kashe komai na cikin mota, na naɗe lakile, ƙarfen kwance noti, da tsumma. Ya ce in kama kowace waya in bi ta da hannu har inda ta ƙare, kamar mai bin sawun raƙumi. Wadda ta ƙare a jikin ƙarfen mota, ita ce mas. Wadda ta bi ta akwatin fizibil, wato fiyus, ta wuta ce. Gajerun nan biyu masu kauri su ke haɗa batir da ɗan'uwansa, jan kan batir da ja, baƙin kai da baƙi. Ina kwance rabin jikina ƙarƙashin gado, gumi na shiga mini ido, ina faɗa masa abin da na gani, shi yana ce mini "ƙara bi" daga kan tabarma.

Duk wadda na gane sai ya ce kada in sake ta sai na ɗaure. Ya Falmata ta yanko mini fata daga wani tsohon rufin jaka. Da hannuna na mayar da abin da na yanke.

Ni da ita muka ɗaga baturan, kowanne ya kai buhun gero nauyi. Ya ce wuta za a fara ɗaurawa, mas a ƙarshe. Da na kai wayar ƙarshe na ce, "Baba, in ya ƙone fa?"

Ya ce, "Kin bi ta da hannunki ko ba ki bi ba?"

Na ce na bi.

"To ɗaura."

Na ɗaura, na kunna. Firigo ya yi shiru kamar ba zai tashi ba, sannan ya soma gurnani. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, ni da ban iya ba. Ba Kiari ya juya wajen maƙwabtan da suka taru kallo ya ce, "Kun gani? Ɗiyata ce."

Ba a taɓa ba ni takardar yabo da ta yi mini daɗin wannan ba.

Washegari muka isa rijiyar kafin su ɗaure kaya, allura da sanyinta. Babu yaron da aka kawo mana da ya koma ba a yi masa ba. Na kira Ba Kiari ina ta ba shi labari, ya bari na gama tsaf, ya ce, "Madalla. Kin sa wa makiyaya caji?" Na ce na sa, da rana tsaka. Ya ce yanzu na zama ma'aikaciya.

Ranar tabarmar nan ce ganina da shi na ƙarshe. Na yi ta cewa zan koma in gaishe shi, aiki bai bar ni ba, kuma wannan zai daɗe yana ci mini rai.

Ina alfahari da cewa wajensa na koya. Yanzu haka firigon na aiki a bayana, ga mata sun fara layi da yara a waje, dole in share hawaye in fita.

Allah Ya jiƙan Ba Kiari, Ya yafe masa, Ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya yi shekaru yana tsaron sanyin maganin yaran mutane. Allah Ya ba Ya Falmata da iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a ko da kalma ɗaya ce. Wanda kuma wata rana ya ɗaga gadon motar ɗaki ya ga fata a ɗaure, ya bar ta yadda ya same ta, ya ce Allah Ya jiƙan mai ita.