Baiwar da Mushe ya rubuta

Shekarun baya, sa'ad da gwiwoyina ke kai ni kasuwa su dawo da ni, ina da wani aboki a nan Zinder. Maƙwabcina ne, Kirista, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Da ya bar koyarwa sai ya kama tattara labarin Damagaram yana sawa a wani dandali na waya, inda 'yan ƙasarmu na kusa da na nesa ke taruwa. Ba wanda ya sa shi. So ne kawai.

Wata ranar Lahadi ya taso daga majami'a, ya zauna bakin zaurenmu da littafinsa.

"Hajiya, yau kakarki nake so."

Na gyara zama. Na ce masa ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Na ce, "Wannan mata baiwa ce," ina nufin kyautar Allah. Ya rubuta, ya sa a dandali. Ni da ban san baƙi ba, har daɗi nake ji.

Kwana uku sai ga ƙanena daga garin Dogo, ko ruwa bai sha ba.

"Yaya, ke kika ce wa duniya mu jikokin baiwa ne? Har ana tambayata a wace kasuwa aka sayo ta!"

Ya rantse ba zai ƙara taka gidana ba. Mu biyu ne muka rage a ɗakinmu. Na ja mayafi na faɗa gidan Mushe ina huci.

"Mushe, karatunka ya kashe ni!"

Ya ɗauko littafin, ya karanta, ya dafe kai.

"Wallahi abin da kika faɗa na rubuta. Ke kin ɗaga murya, masu karantawa sun sauke ta. Takarda ba ta da maƙogwaro, Hajiya."

Washegari da kansa ya hau mota har Dogo, bayan ya naɗi muryata cikin wayarsa. Ƙanena ya saurara sau biyu, ya yi dariya, ya haɗo shi da zabi. Daga ranar Mushe bai ƙara sa maganar tsoho a dandali ba sai da muryar mai ita.

Amma da ya dawo, yana karkaɗe ƙurar hanya, ya dube ni.

"To in da ɗayar baiwar ce fa, ta saye? Da kin rage son ta?"

Na ce masa ya cika surutu, na shige gida.

Mushe ya rasu tuntuni. Aka ce dandalin ya cika da ta'aziyya, daga wuraren da ko sunansu ban iya ba. Ƙanena na cikin waɗanda suka raka shi. Ni ina kewar zamansa bakin zaure, da yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi.

Amsar tambayarsa kuwa na same ta: a'a, Mushe, ko kaɗan. Na dai yi jinkirin faɗa maka.