Layin da Na Rufe da Farar Takarda

Har gobe ban manta da ranar da Malam Sada ya shigo shagona a Faskari ba, ƙarshen bazara, ana jiran ruwan shuka. Ku masu koyon buga takardu, ku buɗe kunne.

Malam tsohon magatakardan kotu ne a Ƙanƙara. Da ya yi ritaya sai ya tsara fom na yarjejeniyar hayar gona, wanda suna da iyaka da shaidu kawai ake cikewa. Duk rigimar gonar da ya taɓa ji a kotu ya toshe ƙofarta a ciki, ya sa sunansa a ƙasa. Ni kuwa da kwafi ɗaya ya faɗo hannuna, na ce tsuntsu daga sama gasasshe. Na ɗora farar takarda kan sunan, na yi ta gurzawa a inji ina sayarwa. A ganina fom ai fom ne, ba littafi ba.

Ashe garin rufe suna na haɗa da layin ƙarshe, wanda ya ce itatuwan gona na mai gona ne. Wata tsohuwa a Tafoki, Baba Dije, ta ba da hayar gonarta da fom ɗina. Da ɗorawa ta nuna, mai haya ya hana ta ɗiba, wai takarda ba ta ambaci itace ba. Da kalwar nan take yin daddawa ta ciyar da marayu.

Mai unguwa ya gane lafazin Malam, ya aika masa. Malam ya je aka yi sulhu, sannan ya biyo ta wajena. Na zaci kotu zai kai ni, domin wani lauya ya riga ya faɗa mini cewa dabarar hayar gona ta kowa ce, amma kalmomin da mutum ya tsara haƙƙinsa ne, doka ta kare masa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce sulhun na baɗi ne, ɗorawar bana mai haya ya riga ya kai ta kasuwa. Sai ya ajiye mini cikakken fom.

"Ɗana, ka zaci don ado na sa sunana? Don in takarda ta cuci wani a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ne. Buga, na yafe, amma da sunan."

Wallahi da ya kai ni kotu da ya fi mini sauƙi. Ranar na gane bayan kowane fom akwai wanda ya yi gumi, gabansa kuma akwai wanda zai dangwala yatsa bai iya karatu ba. Har yau in na ji daddawa a miya, layin nan nake tunawa.